Shari'ar kaset mai gem 9999999 a zauren tsoffin 'yan gem na Gusau

Baban Walida: Salamu alaikum jama'a. Jiya Inna tas sa anka kwashe tarkacen ɗakin baya na gidanmu na Tudun Wada, don ruwan bana ya ɓalle silin. Cikin wata tsohuwar adaka, ƙarƙashin kwanukan da ba a taɓa ci cikinsu ba, sai ga kaset ɗin nan mai ruwan ɗorawa. Kun san shi. Wanda anka rubuta ma 9999999 a goshi. Na daɗe tsaye ina kallonai awa wanda yag gamu da mai bashinai a kara. Yau sai na yi mai shari'a gaban zaure.

Tuhuma ta farko, ƙarya da rana tsaka. Gem miliyan goma ba ɗaya hwa! A 1997 da Baba yas sawo muna shi, da za a raba ma mutanen Zamfara da na Kabi gem ɗai-ɗai, sai an yi saura a kai Sakkwato. To mi ac ciki? Mario, Tanki, harbin agwagwa, mai hawan zaki, sai wani jirgi mai harbin ƙudaje. Biyar. Lamba 6 Mario ne ya faro daga wani gari. Lamba 11 Mario ne an sauya mai riga. Ni da ƙanena mun taɓa raba dare muna danna ƙasa don mu ga ƙarshen jerin, mun kai dubu huɗu da wani abu anka ɗauke wuta.

Na Ƙaura: Hahaha! Kai naka ma biyar ne, ka gode Allah. Namu huɗu, kuma ɗaya ba ya tashi sai an hura.

Ɗan Auta: Don Allah Yayyena menene hurawa kuma? Kaset ɗin wuta ne?

Na Ƙaura: Wa yas sa yaron ga cikin zaure? Admin, wanga an haihe shi bayan Nokia 3310, ba ya da bakin magana yau.

Admin: A bar shi, ɗalibi ne. Baban Walida ci gaba da tuhuma.

Baban Walida: Tuhuma ta biyu a kan Mario ce. An ce muna mai gyaran famfo ne. Wa yat taɓa ganin ya gyara famfo ko guda? Mutum ba sifana, ba filaya, in ya ga bututu sai dai ya shige ciki ya kwashe kuɗin mutane. Ya ci laimar kwaɗi ya zama ƙato, kunkuru ya taɓa shi ya koma ɗan firit. Ya riƙa dukan bulo da kai awa rago. Sannan babban abin takaici: ka sha wuya, ka tsallake wuta, ka jefa dodon cikin rami, ka shiga ɗaki da murna, sai ka ishe wani ɗan guntu mai hular laimar kwaɗi yana ce ma an gode, amma gimbiya tana wani gida. Sau bakwai! Wannan ai irin neman auren da za ka kai toshi a karɓe, a ce ma yarinya ta tahi gidan gwaggonta Talatar Mafara. Ka je Mafara a ce yanzun nan ta wuce Anka. Ranar da nik kai gida na takwas na same ta, mi ta ba ni? Godiya, da cewa in sake farowa da wanda yaf fi wuya.

Maman Sultan: Yaya ai shi ya koya maka haƙurin da ka yi wajen neman Anti. Ka gode masa.

Injiniya Mai Rediyo: Gyara ɗaya, Baban Walida. Ba da kai yake dukan bulon ba. Ka duba da kyau in ya yi tsalle, hannunsa ɗaya a ɗage yake, naushi yake yi. Kuma hula da gashin bakin nan ba ado ba ne. Lokacin da Shigeru Miyamoto na kamfanin Nintendo ya zana shi a gem ɗin Donkey Kong, 1981, ɗigon hoton bai isa a zana baki da gashin kai ba, sai ya rufe su da hula da gashin baki. A wancan gem ɗin ma kafinta ne, ba mai famfo ba. Kai, har gajimaren sama da ciyawar ƙasa a Super Mario Bros. na 1985 zane ɗaya ne, launi kawai aka sauya, don wuri ya yi musu kaɗan. Duk gem ɗin bai kai nauyin hoton waya guda da kuke turowa nan ba.

Baban Walida: To ka gani, Injiniya, ka ƙara mai laihi. Ya bar kafinta bai iya ba, ya koma famfo bai iya ba. Irin masu allon shago da anka rubuta ana gyaran komai.

Na Argungu: Ni wanda ya fi ba ni haushi mai hawan zakin nan ne, Circus Charlie. Ko gardawa masu wasa da kura suna sa mata takunkumi da sarƙa. Shi wannan ya hau zaki tsirara, ba linzami, kuma ya nufi zoben wuta da shi. Gefen zoben kaɗai za ka shafa, kai da zakin ku ƙone ƙurmus, 'yan kallo na zaune ko mai kawo ruwa babu. In ka tsira, sai a ɗora ka kan igiya birai na zuwa. Akwai wani shuɗin biri da ke tsallako 'yan'uwansa, shi ya kashe ni ya fi sau ɗari. Maki biyu cikin goma na ba shi, ɗayan ma don kiɗan ne.

Na Ƙaura: Bakabe ai dole ka tsani wuta. Da cikin ruwa anka yi gem ɗin, da gora da homa, da ka cinye shi rana guda.

Na Argungu: Bazamfare, zan dawo kanka. Jira.

Injiniya Mai Rediyo: Bari in ba Ɗan Auta amsa tunda kun share shi. Ɗana, kaset ɗin yana da haƙora na ƙarfe a ƙasa, su ke haɗuwa da na cikin injin. In ba su zauna daidai ba sai hoto ya wargaje ko allo ya yi toka-toka. Sai mu zare, mu hura da baki, mu mayar. In ya tashi mu ce hurawa ce ta yi aiki. Alhali zarewa da mayarwar ce ta gyara masa zama. Hurawar ma ɓarna take yi, don danshin baki tsatsa yake sa wa haƙoran. Kaset nawa aka kawo mini shago ya yi kore shar. Auduga da ɗan sifirit ne maganinsa.

Na Ƙaura: Injiniya da girmanka, amma wagga magana ban yarda ba. Akwai yaron unguwarmu da in bai hura ba kaset ba ya tashi. Har gida muka zuwa kiranai. Baiwa ce.

Injiniya Mai Rediyo: Baiwar iya zaunar da kaset dai.

Malam Na Samaru: Tunda shari'a ake yi, a yi ta da gaskiya. Wanda ake tuhuma jabu ne, kuma injin da muke sa shi ciki ma jabu ne. Babu ɗayanmu da ya buga Nintendo na ainihi a Gusau sai ɗai-ɗai. Na ainihin shi ne Famicom, fari da ja, ya fito a Japan a 1983, aka sake masa siffa aka kai Amurka a 1985 da sunan NES. Abin da ya iso mana kwaikwayo ne daga Taiwan da China, ya biyo ta kasuwannin Legas da Anaca da Kano. Mutane sun zauna sun yi wahalar ƙirƙira, wasu sun kwafa ba izini sun sayar. In za mu yi dariya mu yi, amma mu san kayan sata muka yi yarinta da shi.

Baban Walida: Allah gafarta Malam, wanga hukunci ya yi tsauri. Nintendo sun zo Gusau sun buɗe shago munka ƙi saye? Sun san da mu? Kamfanin da tun 1889 shina can Kyoto shina buga katin karta, ina yas san hanyar Funtuwa zuwa Tsahe? Da mun jira na ainihi, da har yau langa da ɗan akuyana muka yi. Ɗan China shi yat tuna da talaka.

Malam Na Samaru: Ya tuna da aljihun talaka dai. Kai ne fa yanzu ka gama cewa ya yi maka ƙaryar gem miliyan goma.

Baban Walida: Ƙaryar cikin gida ce, Malam. Ni ka tuhumarsa, amma ban yarda baƙo ya zage shi ba.

Injiniya Mai Rediyo: Ku duka kuna da gaskiya. Kuma ba mu kaɗai ba ne. A Rasha akwai irinsa mai suna Dendy da ya fito a 1992, yaransu da yawa sun tashi suna zaton shi ne na asali. Ni abin da zan shaida, na buɗe su ba adadi. Na baya-bayan nan in ka kwance, kwalin roba ne fanko, sai ɗan allo kamar tafin hannun jariri da ɗigon baƙin ƙaro a tsakiya. Duk injin yana ƙarƙashin ɗigon nan. In ya mutu ba gyara, sai dai in ce wa yaro ya yi haƙuri. Abin da nake iya gyarawa wayar hannu ce da adafta. Adafta kuwa! Ya yi zafi har ka iya gasa gurasa a kai.

Ɗan Auta: Ni abin da na tarar a gida Polystation ne. Baba ya ce PlayStation ya sawo wa su Yaya.

Na Ƙaura: Innalillahi! Wanga shi ne uban 'yan damfara. Kwali irin na PlayStation, siffa iri ɗaya, har murhin faifan. Ka danna ya buɗe, maimakon wurin faifai sai ka ga ramin kaset na kallonka. Ka sa, sai ga Mario. Shi dai. Duk inda ka gudu a Najeriyar wancan lokaci Mario na can na jiranka.

Amma ku bari in hwaɗa muku gaskiya, duk waɗanga gem ɗin yara ne. Maza Sega sunka buga. Gidan gem ɗin da ke kusa da tashar jirgin ƙasa nan Ƙaura, benci biyu, talabijin ɗaya, labulen buhu. Gem ɗin faɗan nan, Mortal Kombat. Doka ɗaya ce: wanda anka kashe shi ka biya. Nan na ga ƙato mai gemu ya yi rantsuwa ba ya ƙara zuwa, bayan magariba ya dawo.

Na Argungu: Yawwa, na ce zan dawo kanka. Faɗa musu yadda kake bugawa. Jama'a, mutumin nan bai iya komai ba sai shara. Ya durƙusa a lungu ya riƙa share ƙafa, ka tashi ya share, ka tashi ya share. Ko ya ɗauki Sub-Zero, mai jifa da ƙanƙara, ya daskarar da kai ya zo ya yi maka naushin haɓa. Shekara biyu yana cin kuɗin yara da dabara biyu.

Na Ƙaura: An hana tsalle ne? Kura ko da dabara ɗaya ta ci akuya ai ta ci.

Malam Na Samaru: Wannan gem ɗin ko a can inda aka yi shi sai da ya tayar da ƙura. A ƙarshen 1993 majalisar dattawan Amurka ta zauna a kan jinin da ke cikinsa, daga nan ne a 1994 aka kafa tsarin rubuta shekarun wanda ya dace ya buga a jikin kwali. Mu nan ɗan shekara takwas ne a gaban benci yana ihu a cire kai.

Kawu Na Kanwuri: Yara kuna ta surutu. Kafin a haifi mafi yawanku mun buga Atari. Tsarabar Makka ce mahaifinmu ya zo da ita, baƙi mai gaban katako, sanda ɗaya da jan maɓalli ɗaya tal. Mutum a ciki murabba'i ne. Mota murabba'i. Ƙwallo ma murabba'i. Hoton jikin kwali kuwa ka rantse yaƙin duniya za ka gani, in ka kunna sai ka ga akwatin ashana biyu na tofa wa juna tsaba. Amma layi ake yi a zaurenmu har waje.

Admin: Allah ya ja kwana Kawu. Ashe da manya a zauren muke ta ɓaɓatu.

Malam Na Samaru: Kawu ya taɓo inda nake so. Atari 2600 kenan, na 1977. Kuma in ana neman gem ɗin da ya fi kowanne shan zagi a tarihi, a gidansu yake. E.T., na 1982. Mutum ɗaya aka ba aikin, aka ce ya gama cikin kusan mako biyar don ya riski kasuwar Kirsimeti. Abin da ya fito, ɗan halittar yana tafiya sai ya faɗa rami, ka fito da shi da ƙyar ya sake komawa. Mutane suka riƙa mayarwa shaguna. A 1983 kasuwar gem ta Amurka ta durƙushe, kamfanin ya kwashi kaya mota-mota ya binne a juji a garin Alamogordo na jihar New Mexico. Shekaru ana cewa almara ce, sai a 2014 aka tona aka same su.

Baban Walida: To kun ji. Na ainihi ne hwa wannan, Malam, da izini da komai, anka yi mai jana'iza ba salla. Namu jabun shekara 27 cikin adakar Inna ko ƙwarzane babu.

Malam Na Samaru: Ka ci wannan.

Taubashin Baban Walida: Na shigo a makare. Tunda shari'a ake, ina da ƙara, kuma alƙalin nake ƙara. Tanki. Kowa ya san mikiyar nan da ke ƙasa cikin ɗan ɗakin bulo, in an harbe ta an gama. Mun kai mataki na ashirin da wani abu, ni na ɗauki tauraro uku, tankina na fasa ƙarfe. Don kawai na riga shi ɗaukar tauraro, mutumin nan ya juya bindiga ya fasa bulon gidanmu ya harbe mikiyarmu da hannunsa. Ya aje hannu ya ce kowa ya rasa.

Baban Walida: Taubashi ƙarya ba kyau. Kai ka fara harbina ta baya ina daskarewa. Kuma mu yi maganar Contra? Matakin ruwan nan mai zubowa, da aka hawa sama, ka riƙa tsalle kana barina ƙasa allo na cinye ni. In rayukanka sun ƙare kuma ka danna ka saci nawa ba sallama.

Taubashin Baban Walida: Bawa da dukiyarsa ai na ubangidansa ne. Ranka nawa ne.

Injiniya Mai Rediyo: Da kun san sama, sama, ƙasa, ƙasa, hagu, dama, hagu, dama, B, A kafin a fara, rai 30 za a ba kowa, ba sai an yi sata ba. Wani ma'aikacin Konami, kamfanin da ya yi Contra, ne ya ƙirƙiro shi tun a wani gem ɗinsu mai suna Gradius don gem ɗin ya yi masa wuya wajen gwaji. Irin haka a Mario, in an kashe ka duka, ka riƙe A ka danna Start, daga garin da ka mutu za ka ci gaba.

Na Ƙaura: Injiniya mi kac ce?

Na Argungu: A riƙe A?

Na Ƙaura: Kana nan cikin garin ga, muna kawo ma adafta kana karɓar kuɗinmu, ka san wagga magana ba ka hwaɗi ba? Ni da na bar injin kunne tun hantsi na rufe shi da ɗankwalin Inna don kar in koma farko, na tahi makarantar allo na dawo na ishe an ɗauke wuta?

Injiniya Mai Rediyo: Ni ma sai da intanet ta zo na sani, ɗan'uwa. Tare aka cuce mu.

Admin: Wa ya tuna da taɓa bayan talabijin? Baba ya dawo daga kasuwa, kafin ya cire hula sai ya ɗora hannu.

Injiniya Mai Rediyo: Iyaye na cewa gem na kashe talabijin. Abin da na fi gani dai ramin eriya ne ke lalacewa, saboda cirewa da sawa cikin gaggawa in an ji ƙarar mashin ɗin maigida. Wannan kam na ci abinci da shi.

Baban Walida: Saura tuhuma ta ƙarshe, kuma ita ta fi ci mini rai. Karen harbin agwagwa. Jama'a, kare ne naka, kai ka zo da shi farauta. Ka yi harbi uku ka kuskure, agwagwa ta tashi sama, sai ya leƙo daga cikin ciyawa ya rufe baki shina ƙyalƙyala ma dariya. Gaban ƙannenka. Kuma ba ya harbuwa, na gwada ya fi a ƙirga. Wane maharbi a dajin Zamfara kare zai yi ma haka ya kwana gida? Ni kuma abin mamaki, in ni kaɗai ne ina kaɗo su lahiya lau. Amma da yara sun taru sai agwagwar ta haukace, ta yi nan ta yi can awa mai iskoki. Har manna bakin bindigar nika yi ga gilashi, a banza. Maki sihiri na ba shi, kuma karen ban yahe ba.

Ɗan Auta: Wai ya bindigar roba take sanin inda aka nuna?

Injiniya Mai Rediyo: Ba ta harba komai, gani take yi. Akwai ɗan ido mai jin haske a cikinta. In ka ja kunama, allon zai yi baƙi na ƙiftawar ido, sannan farin murabba'i ya bayyana daidai inda agwagwar take. In idon ya ga farin, ka samu. Shi ya sa ba ta aiki da talabijin na bango na yanzu, sai mai ƙeya, don na yanzu suna ɗan jinkiri kafin su nuna hoto. Ina da mai ƙeya guda biyu a shago har yanzu.

Maman Sultan: Yaya, ka gama?

Baban Walida: Na gama. Mi ya faru?

Maman Sultan: Ka tuna in kana harbi nakan yi kuka sai an ba ni, sai ka miƙo mini hannun da ke ajiye ka ce in riƙe, ni ma ina bugawa? Kai da Yaya Ƙarami kuna ƙifta ido kuna cewa yarinya ba ta san komai ba?

Baban Walida: To?

Maman Sultan: Hannun nan shi ke tuƙa agwagwar. In ana wasan agwagwa ɗaya, duk inda na danna nan take yi. Tun ina aji uku na gane. In ka ba ni alawa da safe sai in bar ta ta tafi salin-alin. Ranar da ka hana ni, ko ka kai ƙarata wurin Inna, to ranar kare zai yi dariya.

Na Argungu: La ilaha illallahu!

Taubashin Baban Walida: Allah ya yi miki albarka ƙanwata. Mikiyata ta huta a kabarinta.

Baban Walida: Injiniya don girman Allah ka ce ƙarya ta ka yi.

Injiniya Mai Rediyo: Gaskiya ta faɗa. Haka Nintendo suka yi shi tun 1984, yana ma cikin takardar bayanin na ainihi. Namu jabun ne bai zo da takarda ba.

Malam Na Samaru: Ka ga amfanin na ainihi kenan.

Baban Walida: Malam don Allah ba yanzu ba. Shekara 27 ina gaba da kare, ashe maƙiyin na cikin ɗaki shina shan alawata. Admin, na janye tuhuma ta uku. Injiniya, ranar Asabar bayan la'asar ina zuwa shago da kaset ɗin, ka tanadi mai ƙeya da bindiga. Duk mai ƙara ya zo. Taubashi ka zo mu sake Tanki gaban shaidu.

Injiniya Mai Rediyo: Injin da bindiga akwai. Wani ya zo da adafta, nawa ya ƙone tun azumin bara. Kuma ba mai hura mini kaset.

Na Ƙaura: Zan zo da yaron unguwarmu, yanzu shina da 'ya'ya shida amma bakin na nan.

Baban Walida: Sharaɗi ɗaya, kar a bar Maman Sultan ta matso kusa da waya.

Maman Sultan: Sai ka biyo da alawa, Yaya. Ta madara.